Malam Madori: Tudun Yashi, Gyaɗa da Layin Dogo a Ƙasar Haɗejiya

Tsakure

Wannan maƙala ta ɗauki Malam Madori, a masarautar Haɗejiya ta Jihar Jigawa, a matsayin misalin garuruwan da suka bunƙasa a bakin tashoshin jirgin ƙasa na Arewa. Abin da take son nunawa shi ne, yanayin ƙasa ne ya zaɓa wa layin dogo hanya, shi kuma layin ya raba kasuwa da fada: sarauta ta zauna a bakin kogi, ciniki ya koma kan tudu. Da gyaɗa ta faɗi jirgi ya yi ƙaranci, garin bai mutu ba, domin tun farko gona ce ke riƙe da tashar.

Gabatarwa



Yawancin tarihin garuruwanmu daga ƙofar fada ake fara shi. A kawo wanda ya sari gari, a jera sarakuna, a faɗi yaƙe-yaƙe da ƙofofin ganuwa. Wannan hanya ta yi wa birane irin su Kano da Katsina da Haɗejiya daidai, amma akwai garuruwan da ba ta iya ɗauka. Su ne waɗanda girmansu bai wuce shekara ɗari ba, waɗanda abin da ya tara musu jama'a shi ne sikeli da rumbun ajiya da tashar jirgi. Funtuwa da Gusau sun samu masu rubuta su saboda sun zama manya. Ƙananan kuwa, irin su Gagarawa da Birniwa da Malam Madori, sai dai a ambace su a jerin tashoshi a wuce. Na zaɓi Malam Madori ne domin a wurinsa abubuwa uku sun haɗu a fili ɗaya: tsohon tarihi a gefensa, babbar fada kusa da shi, da layin dogo a tsakiyarsa.

Tudu da fadama

Garin yana arewa maso yamma da birnin Haɗejiya, tazarar kimanin kilomita 20. Shi ne hedikwatar ƙaramar hukumar da ke ɗauke da sunansa, ɗaya daga cikin takwas da ke masarautar, tare da Haɗejiya, Auyo, Kafin Hausa, Kaugama, Birniwa, Guri da Kiri Kasamma. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum sama da 160,000, kuma mafi yawansu a ƙauyuka suke, ba a cikin gari ba.

Ƙasar Haɗejiya fuska biyu gare ta. Ta kudu da gabas akwai kogin Haɗejiya, wanda ya samo ruwansa daga kogunan Kano da Challawa, ya bazu cikin fadamu tsakanin Haɗejiya da Nguru, sannan ya haɗu da na Jama'are su zama Komadugu Yobe mai zuba a Tafkin Chadi. Can ƙasar laka ce, ta shinkafa da kamun kifi da noman rani, kuma da damina ruwa ne ke mulkinta. Ta arewa kuwa tudu ne na yashi, ragowar tsofaffin tuddan rairayi da iska ta jera a wani zamani da yankin ya fi yanzu bushewa. A wannan fuska Malam Madori yake. Damina gajera ce, daga wajen Yuni zuwa Satumba, ruwan shekara kuma yakan tsaya a kewayen milimita 600, wata shekarar ya haura, wata ya gaza ƙwarai. Gero ne uban abinci, sai dawa da wake, a gonakin da kuka da gawo da aduwa ke tsaye jefi-jefi.

Wanda ya saba da noman laka zai raina wannan ƙasa, amma gyaɗa irinta take so. Bayan ta yi fure takan tura ƙafa cikin ƙasa ta yi 'ya'ya a can, don haka tana bukatar ƙasa mai laushi wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta, kuma wadda in kaka ta yi za a tuge ba tare da rabin amfanin ya maƙale ba. Ga shi ba ta cinye ƙarfin gona yadda dawa ke yi, harawarta kuma abincin dabbobi ce mai daraja da rani. Manomin wannan tudu ya san gyaɗa tun kafin Bature. Mata na matsar mai suna yin ƙuli-ƙuli. Abin da babu shi ne mai saye da yawa, da abin da zai kai ta teku.

Kafin jirgi

A cikin wannan ƙaramar hukuma Garun Gabas yake, wato Biram ta Gabas da labarin Bayajida ya lissafa cikin Hausa Bakwai. Kafin jihadi, yankin ƙananan sarautu ne, irin su Auyo da Garun Gabas da Haɗejiya kanta, masu biyayya ga Borno ta hannun Galadima da ke zaune a Nguru. Shi ya sa har yau jama'ar yankin gauraye take: Hausawa, Fulani, Mangawa, Badawa da zuriyar Auyokawa. Jihadi ya haɗe waɗannan sarautu ƙarƙashin tutar Haɗejiya a farkon ƙarni na 19, Sarki Buhari ya yi tawayensa ga Sakkwato a tsakiyar ƙarnin, sannan a Afrilun 1906 sojojin Ingila suka ci birnin da yaƙi, Sarki Muhammadu ya rasu yana kare shi.

A duk wannan zamani, arzikin ƙasar gabas da yamma yake tafiya, tsakanin Kano da Borno, a bayan jakuna da takarkarai da raƙuma: kanwa, gishiri, busasshen kifi, shanu, tufafi. Birni mai ganuwa shi ne zango, shi ne kasuwa, shi ne wurin karɓar kuɗin fito. Babu dalilin da zai sa fatake su sauke kaya a wani fili kan tudu alhali ga Haɗejiya nan kusa.

Yadda layin ya zaɓi hanyarsa

Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Turawa auduga suka sa rai za ta cika taragu, domin masaƙun Lankasha, amma manoman Kano suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa. Abin da Nijeriya ta fitar ya tashi daga ƙasa da tan 3,000 a 1912 zuwa sama da tan 19,000 a 1913. Masanin tattalin arziki Jan Hogendorn, a littafinsa na 1978 kan asalin wannan ciniki, ya nuna cewa fataken Hausawa, musamman waɗanda suka goge a cinikin goro, su ne suka shiga ƙauyuka suka shawo kan manoma. Alhassan Ɗantata shi ne wanda sunansa ya fi fita a cikinsu.

Sai dai gyaɗa kaya ce mai nauyi da arha. Farashin da ake ba manomi shi ne na bakin teku bayan an cire kuɗin jirgi da na dako, don haka duk nisan gona da tasha, raguwar abin da zai shiga aljihunsa. Akwai iyakar da in an wuce ta, ladan jaki zai cinye ribar buhu. Ƙasar Haɗejiya da Gumel suna bayan wannan iyaka. Maganin da gwamnatin mulkin mallaka ta ga ya dace shi ne ta miƙa rassa cikin ƙasar gyaɗa: ɗaya daga Zariya ta Funtuwa da Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ɗaya kuma daga Kano ya kai Nguru a 1930, tafiyar kimanin kilomita 230.

Duk wanda ya shimfiɗa taswira zai ga abin da ya faru. Layin ya bi ta Ringim, Taura, Gagarawa, Malam Madori da Birniwa, kullum yana arewa da kogi, yana kan busasshiyar ƙasa. Bai shiga Haɗejiya ba, ko da yake ita ce babban birnin yankin. Shiga fadama na nufin gadoji da cikon ƙasa da gyara duk bayan damina, alhali kan tudu shimfiɗa ce kawai, kuma a nan kayan da ake nema yake tsirowa. Bai taɓa Gumel ba ita ma, ya ratsa tsakaninsu. Ta haka Malam Madori ya zama tashar Haɗejiya. Wanda zai hau jirgi daga birnin, ko basarake ne, sai ya fito ya yi wannan tafiya ta kilomita 20.

A ganina wannan ita ce babbar gaɓa a tarihin garin. A Kano da Zariya, tasha kusa da birni ta sauka, sarauta da sabon ciniki suka zauna a inuwa ɗaya. A nan kuwa an raba su. Fada da alƙali da baitulmalin En'e suna Haɗejiya, a zamanin Sarki Usman wanda ya yi mulki daga 1925 zuwa 1950, sikeli da kantuna da baƙi suna kan tudu.

Ya kamata a lura da shekarar ma. Jirgi ya iso a 1930, daidai lokacin da kasuwannin duniya suka karye, farashin gyaɗa ya zube. Ke nan manomin wannan yanki bai fara da shekarun daɗi irin na manomin Kano a 1912 ba. Abin da ya riƙe shi a kan gyaɗa a waɗannan shekaru shi ne haraji, wanda dole a biya shi da kuɗi, kuma da kaka ake karɓa. In farashi ya faɗi, ba rage gona zai yi ba, ƙarawa zai yi, don ya haɗa abin da dagaci ke jira.

Rayuwar bakin tasha

A zamanin gyaɗa, garin tasha yana da kalandarsa. Da damina shiru, kowa na gona. Da an tuge gyaɗa an ɓare, daga wajen Nuwamba, sai a buɗe ciniki, garin ya cika har ƙarshen hunturu. Ayarin jakuna da raƙuma na shigowa daga ƙauyuka, 'yan baranda na tare su tun a hanya, ma'auna na zube a kan tabarmi, leburori na ɗinkin buhu da dako. Manyan kamfanonin da suka mamaye wannan ciniki a Arewa, irin su UAC da aka kafa a 1929, da John Holt da CFAO na Faransawa, ba su sayen mudu-mudu da kansu. Kuɗi suke ba wakilai, Kwarori da Hausawa da Yarabawa, su kuma su raba wa yaransu, har abin ya gangara kan mai tsugune da tiya a kasuwar ƙauye. A kowane mataki akwai mai cin nasa, kuma ƙorafin danne sikeli ya bi wannan ciniki duk inda ya je.

Kuɗin da manomi ya karɓa ba ya nisa. Bayan haraji, saura kanti ne ke kwashewa: atamfa da akoko, gishiri, kananzir, fitila, kwanon sha, daga baya keke. Jirgin da ya tafi da gyaɗa shi ne ya dawo da waɗannan, tare da goro daga Kurmi, wanda a da sai ayari ya yi watanni kafin ya kawo shi.

Sannan ga ma'aikatan reluwe. Injin tururi yana shan ruwa yana cin gawayin da ake haƙowa a Inugu, layin kuma yana bukatar masu duba shi kullum, musamman a ƙasar da iska ke tura yashi kan ƙarfe. Mai kula da tasha, akawu, mai buga waya, masu gyara, yawancinsu a tashoshin Arewa 'yan Kudu ne, domin su ne suka riga samun karatun boko. Su da 'yan kasuwar da suka biyo su suka kawo coci da makaranta da abincinsu a wuraren da ba a san su ba. Ba na jin an ba wannan gefe haƙƙinsa a nazarinmu. Mun saba ɗaukar zaman Sabon Gari a matsayin lamarin manyan birane, alhali ɗan ƙauyen ƙasar Haɗejiya ba a Kano ya fara ganin Bayarabe ko Inyamiri ba, a tashar da ke kusa da gonarsa ya gan shi.

Dalar gyaɗa

Malam Madori na cikin wuraren da aka gina dalar gyaɗa a tsohon lardin Kano. Dala guda takan ɗauki buhu har 15,000, kuma hotunanta sun zama alamar arzikin Arewa a kan takardun kuɗi da littattafan makaranta. Ba na musun arzikin, amma dala shaida ce ta wani abu dabam. Gyaɗar da aka tara haka gyaɗa ce da jirgi ya kasa kwashewa. Layin ɗaya ne, siriri, faɗinsa milimita 1,067, kuma bayan Yaƙin Duniya na Biyu injuna da taragu sun yi ƙaranci, har amfanin wata shekara yakan tarar da na bara bai tafi ba. Abin da ya sa ajiyar fili ta yiwu shi ne bushewar yankin, inda za a lulluɓe buhu da tamfol ya daɗe bai ruɓe ba. Tashar da ke kan reshe kuwa, a bayan Kano take a layin jiran taragu.

A wannan zamani ne kuma aka karɓe ikon farashi daga hannun kamfanoni. An kafa hukumar cinikin gyaɗa ta ƙasa a 1949, a 1954 aikin ya koma hannun hukumar ciniki ta Jihar Arewa. Ita ke yanka farashi kafin kaka, ita ke ba wakilai lasisin saye. Manomi ya samu tabbacin abin da za a ba shi, amma abin da ake ba shi ya gaza na kasuwar duniya a yawancin shekaru, rarar kuma ta tafi gina abubuwa a Kaduna da Zariya da Kano. Idan ana lissafin waɗanda suka gina Arewa, a sa manomin tudun Haɗejiya, ko da yake kaɗan daga ginin ne ya dawo ƙauyensa.

Layin bai tsaya ga amfanin Nijeriya ba. Gyaɗar kudancin Nijar, ta ƙasar Damagaram da Maraɗi, ta daɗe tana bin jirgin Nijeriya zuwa teku, har Faransawa suka ɓullo da shirin karkatar da wani kaso nata zuwa Kwatano ta Paraku a shekarun 1950. Nguru kuma, a matsayinta na ƙarshen layi, ita ce ƙofar Borno: shanu, fatu, ƙaro, busasshen nama da kifi duk ta nan suke hawa, su ratsa ta Malam Madori. Wannan matsayi ya ragu da sabon layi ya bi ta Bauci da Gombe ya isa Maiduguri a 1964.

Faɗuwa

Abubuwan da suka karya wannan tsari a jere suka zo cikin shekara goma. Rikicin 1966 ya kori ɗimbin ma'aikatan reluwe 'yan Gabas daga Arewa, yaƙin basasa ya rufe hanyar Fatakwal har 1970. Fari ya biyo baya daga 1972 zuwa 1974, ya fi tsanani a irin wannan tudu na arewa. Manomin da ya ga rumbunsa wayam ya koyi cewa gero ne gaba da komai. Ana cikin farfaɗowa, a 1975, sai cutar nan mai tsuke ganyen gyaɗa ta hana ta 'ya'ya, wadda ƙananan ƙwari ke yaɗawa, ta lalata kimanin hekta 700,000 a Arewa. Ga kuɗin man fetur ya shigo, gwamnati ta daina dogaro da buhun gyaɗa, ta zuba dukiya a kan kwalta. Kafin a rushe hukumomin ciniki a 1986, babu sauran abin da za su saya na a zo a gani.

Ita hukumar jiragen ƙasa, wadda aka kafa a 1955, an yi ta yi mata magani. An kawo Indiyawa suka riƙe ta daga 1979 zuwa 1982, an ba kamfanin Sin kwangilar gyara a 1995. Amma reshen da aka gina domin kaya ɗaya, in kayan ya ƙare, ba gyaran ƙarfe ne zai dawo da shi ba.

A daidai wannan lokaci fadama ita ma tana sauyawa. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun canza yadda ruwa ke sauka, ciyawar kacala ta toshe hanyoyinsa, wasu wuraren suka bushe wasu suka nutse. Ambaliyar 2022 ta sake nuna wa kowa dalilin da ya sa injiniyoyin 1930 suka guje wa bakin kogi.

Abin da ya riƙe garin

Wasu ƙananan tashoshi a Arewa sun koma kango, sai allon suna da rumfar kwano. Malam Madori bai bi su ba, kuma dalilan a bayyane suke. Titin da ya haɗa Haɗejiya da Gumel ta garin ya bi, daga can zuwa Kano ko Maigatari a bakin iyaka, inda babbar kasuwar dabbobi ke ci ran Alhamis. Wurin da jirgi ya zaɓa sai mota ta gaje shi. Zamansa hedikwatar ƙaramar hukuma, da ƙirƙiro Jihar Jigawa a 27 ga Agusta 1991, sun kawo albashi da ofisoshi da makarantu, wato wani abu daga cikin ikon da a da sai an je Haɗejiya.

Mafi muhimmanci, yashin bai tafi ko'ina ba. Manomi ya nemo abin da ke son irin ƙasar da gyaɗa ke so, ya kuma fi ta jure ƙarancin ruwa, ya same shi a riɗi da zoɓo da kankana. Jigawa na sahun gaba a noman riɗi a Nijeriya, riɗin kuma yana tafiya har Japan da Sin da Turkiyya, zoɓo ya nufi Meziko. Duba tsarin cinikin, za ka ga na jiya ne: mai kuɗi a birni, wakili a gari, yaro da ma'auni a ƙauye, farashi daga wata ƙasa da manomi bai taɓa gani ba. Bambancin shi ne buhun yanzu tirela yake hawa zuwa kasuwar Dawanau a Kano, daga nan zuwa Legas, yana tsallake layin dogo a hanya.

Sabon layi mai faɗi da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, daga Kano zuwa Maraɗi, tsawon kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya zai bi, da reshe zuwa Dutse. A wannan karon an bi fadoji da hedikwatocin mulki, ba gonaki ba. Gabashin Jigawa, inda riɗi da shinkafa da alkama suke, yana nan a kan tsohon siririn layin 1930, wanda taragun sabon ba za su iya hawa ba.